Sojan Ƙafa a Labaran Yamma

Ni ce mai fassara labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a Abuja, kuma tun da na kama aiki muke ja-in-ja da editanmu, Oga Albert. Duk abin da ya zo da Turanci, ko troops, ko infantry, ko airmen, shi "jami'an tsaro" yake so a ce.

"Nabilah, ba duk kaki ba ne? Lokaci yana tafiya!"

"Ba ɗaya ba ne, Oga. Army rundunar sojan ƙasa ce gaba ɗayanta. Infantry su ne masu shiga daji da ƙafa. Airmen sojan sama ne. Troops kuwa sai an bincika su wa ake nufi."

"To, Farfesa, mun ji."

Har direbobi suka kama kirana Farfesa. Ko a jikina. Ƙanena Tawfiq sojan ƙafa ne a arewa maso gabas, Mama kuma tana unguwar Lugbe a nan Abuja, rediyo kullum a gefenta. In ta ji "jami'an tsaro sun rasu", ranar ba ta cin abinci, ko da 'yan sanda ake nufi.

Wata Laraba rahoto ya shigo: an yi wa wata infantry battalion kwanton ɓauna, an rasa rayuka, a yankin da Tawfiq yake. Na kira layinsa, a kashe.

Oga ya karanta yana tsaye a kaina. Ya sassauta murya.

"Yau ki sa jami'an tsaro, 'yata. Ki tausaya wa Mama."

"Ba zai sa ta ci abinci ba. Sai dai in ɗaga hankalin uwar kowane mai kaki a garin nan."

Na rubuta "bataliyar sojan ƙafa". Haka aka karanta.

Da na isa Lugbe na tarar da Mama a kan dadduma, maƙwabciyarmu Madam Christina riƙe da hannunta. Ɗan Madam Christina sojan sama ne.

"Da na ji an ce sojan ƙafa, na san ba nawa ba ne," in ji ta. "Sai na ce bari in zo wurin Hajiya, kada ta zauna ita kaɗai."

Ita ta riƙa dafa mana abinci tana tsare Mama sai ta ci, har ranar da Tawfiq ya kira daga asibitin sojoji, harsashi a cinya, yana tambayar ko an gyara masa babur ɗinsa.