Ranar da Man-sik Ya Hau Kujera

Busasshen ganyen teku muke sayarwa ta intanet daga Busan, ni kuma nake kula da rumbun bayanan kamfanin. Haya muke yi a wurin wani babban kamfani: na'urori uku, kowacce a gini daban. Ɗaya ce shugaba, ita kaɗai ke rubuta odar masu saye. Sauran biyun kwafa suke yi daga gare ta. Maigida Pyo da kansa ya raɗa musu suna. Shugabar ya ba ta sunansa, ta biyu sunan karensa, ta uku kuwa Man-sik, ƙanen matarsa, wanda a cewarsa ban da kwaikwayo bai iya komai ba.

Ana gab da Chuseok, babban bikin kaka, oda na ta shigowa, muna cin taliya mai sanyi da rana sai wayata ta yi ƙara. Wuta ta ɗauke a ginin da na'ura Pyo take. Kafin in ajiye tsinken cin abinci, tsarin ya ɗora Man-sik a kujerar shugabanci, ciniki ya ci gaba.

Na ce, "Maigida, mun tsira. Ko oda ɗaya ba ta ɓace ba."

Ya leƙa wayar, fuskarsa ta canza. "Hye-rin, wa ya naɗa Man-sik?"

"Ba kowa. Wadda kwafinta ya fi cika ake ɗauka."

"Ai gara karen!"

Da yamma aka gyara Pyo, ta dawo, amma a matsayin mai kwafa.

"Wato ni nake kwaikwayon Man-sik yanzu? Maza ki mayar da ni!"

"Zan iya, amma ciniki zai ɗan tsaya."

Matarsa, Madam Gong, tana can tana ɗaure kwalaye. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baban Ji-ho, ka taɓa na'urar nan a tsakiyar kasuwa, a ofis za ka yi bikin."

Maigida ya fita shan taba.

Washegari Man-sik na gaske ya iso sanye da kwat, yayarsa ta riga ta fesa masa labari. Ya zagaya ofis yana gaisawa da kowa da hannu bibbiyu, yana cewa mu saki jiki da shi. Maigida ya miƙa masa safar hannu, ya nuna masa motar kaya. Har aka tashi yana lodi, kwat ɗin ta jiƙe sharkaf, amma dariya kawai yake yi.