Waƙar da Ramatou Ba Ta Yi Ba

Ramatou na cikin taksi za ta kasuwar Wadata sayen yadi, sai direba ya kunna waƙa a portabul ɗinsa, wato wayarsa ta hannu. Kalangu ya fara, muryar mace ta biyo baya. Nan take ta gane muryarta ce, har da ƴar karkarwar nan da take yi a ƙarshen baiti.

Ramatou zabiya ce, mutuniyar Tahoua, ta daɗe a unguwar Maourey tana waƙar buki da suna. Ta san duk waƙar da ta taɓa fita daga bakinta, kuma wannan ba ta cikinsu. Zambo ne ake yi wa Elhadji Garba, babban mai shagon atamfa a Wadata. Ana cewa atamfarsa tun wankin farko take zuba, kuma wai da kayan sata ubansa ya kafa shagon. Ita kuwa Elhadji ya riga ya kira ta bukin ƴarsa Huda.

"Wannan mata ba ta da tsoro," in ji direba yana dariya. Ramatou ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Kafin su isa, wayarta ta yi ƙara.

"Ki zo shago yanzu," in ji Elhadji Garba. "In ba haka ba, mu haɗu a komisariya, gaban ƴan sanda."

Ta tarar ƙofar shagon cike da ƴan dako da teloli. Suka buɗa mata hanya, babu wanda ya amsa sallamarta. Elhadji na zaune a kan kujera, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Me na yi miki, Ramatou? Ni ki zage ni, na ji. Amma ubana da ke kwance a kabari?"

"Elhadji, wallahi tallahi ban yi wannan waƙa ba."

Ya kunna ta da ƙarfi, ya miƙa wayar dab da fuskarta. "To wace ce wannan?"

"Muryata ce, amma ba ni ba ce."

Aka yi guna-guni a waje. Wani ya ce a bar su da ita kawai. Ramatou ta dafa tarin atamfa.

"Ka ba ni zuwa la'asar," in ji ta. "In ban kawo maka wanda ya yi ba, da ƙafata zan je komisariya."

Ya yi mata nuni da hannu ta tafi.

Wuri guda ne kaɗai aka taɓa ɗaukar muryarta ita kaɗai ba kiɗa, wato sutudiyon Nassirou a unguwar Lamordé, ƙetaren kogi, inda ta yi waƙoƙinta bara. Ta hau babur ta haye gada. Nassirou na ganinta ya miƙe, ya kasa haɗa ido da ita.

"Tanti, sannu da zuwa."

"Kai ne?"

Ta jawo ƙofa ta rufe, ta tsaya a jikinta.

"Tanti, ban san abin zai kai haka ba. Akwai wata manhaja a intanet, IA ake ce mata, basirar na'ura. In ka ba ta muryar mutum sai ta koya, duk abin da ka rubuta mata ta rera shi da wannan muryar. Gwaji na yi da naki. Sai wani ya turo mini baitoci ta waya, ya ce wasa ne tsakanin abokai."

"Wane ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Yanzu lambar ma ba ta shiga."

"Ka tambaye ni kafin ka ba ta muryata?"

"Na ɗauka tunda a nan aka ɗauka..."

"A nan aka ɗauka, amma a maƙogwarona take. Ɗauki ordinatarka, kwamfutar nan, mu tafi wajen Elhadji Garba."

Ya fara roƙo, ya ce za su kashe shi. Ta ce ai ita ma ɗazu saura kaɗan, kuma ita ba ta yi komai ba.

Da suka isa Wadata jama'a sun ƙaru. Nassirou ya ɗora ordinatar a kan teburin awon yadi. Ramatou ta ce Elhadji ya faɗi duk maganar da ya ga dama. Ta kama gefen mayafinta ta toshe bakinta, don kowa ya ga ba ta motsa leɓe ba.

Elhadji ya ce, "Rubuta: yau Alhamis, rana ta yi zafi, Garba bai ci abinci ba."

Nassirou ya rubuta. Aka jira, intanet na ja kamar ba za ta yi ba. Wani daga baya ya ce yaudara ce. Can sai muryar Ramatou ta fito daga ordinatar, tas, tana rera cewa Garba bai ci abinci ba. Wani tsohon tela ya yi salati ya ja da baya. Mutane suka riƙa kallon bakinta da ke toshe, suna kallon na'urar.

Elhadji ya sa aka maimaita. Fuskarsa ta saki, har ya yi ɗan murmushi.

"Ikon Allah. Ki yafe ni, Ramatou." Ya juya wajen Nassirou. "Kai kuma, in kana so in ƙyale ka, sa ta ta yi wa Huda waƙar buki, da kirarin kakanninmu duka. A watsa ta ko'ina, ta danne waccan."

Ramatou ta sauke mayafin daga bakinta.

"Da muryar wa, Elhadji?"

"To ai yabo ne, ba zagi ba."

"Da safe an sa ni na zage ka ban sani ba. Yanzu kuma za a sa ni in yabe ka ina tsaye ba a tambaye ni ba. Ni ban ga bambanci ba. In kana son waƙa, ga ni."

Elhadji ya shafa gemunsa, ya ce ta yi gaskiya, a goge abin a gabanta. Nassirou ya goge, sannan ya faɗa a hankali cewa ya riga ya ba abokansa biyu kwafin muryar, kuma bai san wa suka ba ba.

Washegari Ramatou ta kai ƙara ofishin da ke kula da haƙƙin mawaƙa. Ma'aikaciyar da ta saurare ta ta ce ita dai ba ta taɓa karɓar ƙarar satar murya ba, amma ta rubuta, ta ce za a kira Nassirou. Wanda ya turo baitocin kuwa har yau ba a gano shi ba.

Ranar bukin Huda, Ramatou ta miƙe, mai kalangu ya ɗauka. Tana buɗe baki ta ga wayoyi sun tashi sama ta kowane gefe, duk sun nufo ta. Ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Don Allah ku sauke wayoyin nan, ku saurara da kunnenku."

Wasu suka sauke, wasu suka yi kamar ba su ji ba. Amarya na zaune tana jira. Ramatou ta dubi mai kalangu, ta gyaɗa masa kai, ta fara.