Malam Katsalandan

A duk darussan Turanci babu wanda Malama take so kamar na aikin da ya wuce: yaushe za ka ce kana cikin yin abu, yaushe kuma za ka ce ka yi shi an gama. Yara kuwa a nan suke tafka shirme. Yaro zai faɗi sau ɗaya a bakin famfo, amma in ya zo ba da labari da Turanci sai ya ce yana ta faɗuwa, kamar tun safe bai kai ƙasa ba.

Maganin da ta samo tun tana sabuwar malama shi ne mijinta. Lissafi yake koyarwa a ajin da ke jikin nata. Ranar wannan darasi sai ta juya wa yara baya, ta yi ta rubutu a allo, rubutun da ba kai ba gindi. Can sai ya banko ƙofa ba sallama, wata shekarar da tsintsiya a kafaɗa, wata shekarar da takalmi ɗaya a hannu yana cigiyar ɗan'uwansa. Aji ya kece da dariya. In an natsu sai ta ce, "Me nake yi? Shi kuma me ya yi?" Su haɗa baki, "You were writing when he came in!" Rubutunta mai tsawo ne, shigowarsa kuwa farat ɗaya. Daga nan yara suka laƙaba masa Malam Katsalandan, sunan ya bi shi har kasuwa, yana amsawa da fara'arsa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, yana takawa da sanda, amma harshe ya yi nauyi. Mutumin da in ya fara zance sai an roƙe shi ya numfasa, ya koma zaman ɗaki. Ko 'yan dubiya suka zo, sai ya juya wa bango fuska ya yi barcin ƙarya. Wannan ya fi ciwon damun Malama. Tsoronta kada ɗakin nan ya cinye mata miji tana ji tana gani.

Ta gwada darasin da maigadin makaranta. Bawan Allah sai da ya ƙwanƙwasa, ya jira izini, sannan ya shigo yana ba da haƙuri. Babu yaron da ya ko murmusa.

Bana ita ma za ta yi ritaya. Da safen ranar darasin ta ajiye masa shayi, ta tsaya a kansa.

"Malam, yau ne darasinmu. Daga shi ba wani kuma. Ka zo."

Ya daɗe yana haɗa kalmomin. "Su yi... dariya... da bakina?"

"Da can da me suke dariya, kyawunka? Ba sai ka yi magana ba. Ƙofa kawai za ka banko."

Ya kau da kai. Ta fitar da rigarsa mai ruwan toka ta ɗora a kan kujera, ta fice ranta a ɓace.

A aji ta juya baya ta fara rubutu. Ta cika allo, ta goge, ta sake cikawa, kunnenta yana kan ƙofa. Ƙurar alli ta shaƙe ta, kafaɗarta ta ƙage. Ta tuna lokacin da take jiyo tarinsa ta bango, alamar ya kusa shigowa, sai kewa ta kama ta har idonta ya ciko. Yara suka fara ƙus-ƙus. Wata yarinya ta ce, "Malama, mu kwafa ne?" Haka aka kaɗa ƙararrawa, ƙofa tana nan yadda take.

Ta tattara kayanta ta fito, tana shirya masa maganganun da sai ya gwammace bai farka ba yau. Da ta doshi bakin get sai ta ga mutane sun yi cincirindo wajen bencin maigadi: iyayen da suka zo ɗaukar yara, direban motar makaranta, wata nas da kayan aikinta. Duk tsofaffin ɗalibansu ne. A tsakiyarsu ga rigar nan mai ruwan toka, maɓallan a karkace, sanda a tsakanin gwiwoyi.

Ya hango ta, ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Na taho... aka... tare ni."

"Yi haƙuri Malama, mu muka riƙe shi," in ji nas ɗin. "Labarin ranar da ya shigo aji da akuya yake ba mu. Malam, sai aka yi yaya?"

Ya ja numfashi. "Sai... shugaban... makaranta..." Kalmar ta maƙale.

Malama ta buɗe baki za ta ƙarasa masa, kamar yadda ta saba yi a gida. Sai ta dubi fuskokinsu, ta ga babu wanda ya ƙosa. Kunya da daɗi suka rufe ta lokaci guda. Ta raɓa ta zauna a ƙarshen bencin da allin a hannunta, ita ma tana jira ya faɗa da bakinsa.