Kada Ka Ce Kai Ƙanena Ne

Kafinta yana goge ƙafar wata kujera da sanfefa ya ji muryar yayansa a rediyo. Yaya lauya ne, irin waɗanda ko gaisuwa za su amsa sai sun gyara murya. Ranar kuwa bakinsa ya yi zaƙi. Cewa yake masu shan ƙwaya marasa lafiya ne, ba masu laifi ba. A daina ɗaure su, a halatta abin a bar shi hannun likitoci, a buɗe musu ƙofa a rungume su.

Kafinta ya ajiye sanfefar. Ƙofar gidan Yaya dai ya san ta sarai, don shi ya yi ta da hannunsa, kuma ya manta rabon da a buɗe masa ita.

Shekarun baya ya faɗo daga kan rufi, ƙugu ya goce, likita ya rubuta masa ƙwayar kashe zafin ciwo. Ciwo ya tafi, ƙwaya ta samu wurin zama. Ta cinye injin yankan katako, ta cinye aure, daga ƙarshe Yaya ya zo ya ɗauke masa 'yarsa tilo, wadda suke kira Mama don sunan mahaifiyarsu ta ci. Ya ce sai ranar da ubanta ya dawo mutum. Yanzu Kafinta ya daɗe yana zuwa asibiti kowace safiya, ya shanye maganin da ake ba su a ɗan kofi, ya buɗe baki nas ta duba, ya wuce shago. Hannunsa ya daina rawa. Har gado ya yi wa Mama, yana nan a ɗakinsa lulluɓe da leda.

Da yamma ya yi wanka ya tafi gidan Yaya. Mai gadi ya kai shi gareji, ya ajiye masa kujerar roba tsakanin janareta da tsofaffin tayoyi.

"Yaya, na ji ka a rediyo," in ji shi. "Wallahi har hawaye na yi. Na zo maganar Mama ne."

"Ka zo a kan gaɓa," in ji Yaya. "Za a yi muhawara a talabijin, muna neman wanda ya shiga ya fito. Mutane ba sa jin bayani sai sun ga fuska. In ka iya tsayawa gaban jama'a ka faɗi gaskiya, na tabbata ka warke, sai mu zauna a kan maganar yarinya." Ya ɗan gyara murya. "Abu ɗaya dai, kada ka ce kai ƙanena ne. Za a ce son kai ne ya sa nake magana, hujjar ta yi rauni."

Kafinta ya ji abin ya soke shi, amma ya haɗiye. In don Mama ne, ko cewa aka yi ya tsaya da ƙafa ɗaya zai tsaya.

Ranar muhawara zaure ya cika. Abokin karawar Yaya wani tsohon ɗan sanda ne, wanda ya ce a tattara su duka a kulle a jefar da makulli. Shi dai ko ba komai, da zai faɗa sai da ya kalli Kafinta ido cikin ido. Da aka miƙa wa Kafinta makirfo, fitilu suka haske masa fuska, sai bakinsa ya kwance. Ya faɗi wanda aka tambaye shi da wanda ba a tambaya ba, har yadda ya sayar da keken ɗinkin matarsa tana gidan suna, da ranar da ya manta 'yarsa a bakin makaranta. Mata suka yi ta share hawaye. Yaya ya taso ya rungume shi a gaban kyamara, ya ce, "Ku dubi wannan bawan Allah. Wa zai ce a rufe wa irinsa ƙofa?" Tun rasuwar mahaifiyarsu Yaya bai rungume shi ba, kuma abin haushi, ya ji daɗin rungumar.

Yaya ya ci muhawara. Unguwa kuma kowa ashe yana da talabijin. Mai kujerun da yake aikinsu ya aiko aka kwashe su ba a gama ba. Mai shagon kusa, da ya saba bar masa makulli in zai fita, ya koma tafiya da abinsa. Kafinta bai damu ba. Ya yaye ledar gado, ya sayo katifa, ya koma gidan Yaya.

Kujerar roba tana nan inda ya bar ta.

"Ka yi ƙoƙari ƙwarai," in ji Yaya. "Har waya ake ta yi mini. Amma ka yi tunani. Yanzu duk gari ya san fuskarka. In yarinyar nan ta koma hannunka, nuna ta za a riƙa yi a makaranta. Kai da bakinka ka ce ka taɓa mantawa da ita a titi."

"Kai ka ce in faɗi gaskiya, Yaya."

"Na ce. Jama'a ce ba ta waye ba tukuna, abin da muke yaƙi da shi ke nan. Mu bari ƙura ta lafa." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Na ji ka yi mata gado. Nata ya yi mata kaɗan, ka kawo."

Washegari ya kawo shi a bayan a-kori-kura. Gadon ya ƙi shiga ta ƙofa, sai mai gadi ya dawo da shi gareji. Kafinta ya durƙusa ya kwance shi ƙusa bayan ƙusa, yana miƙawa ana shiga da shi katako ɗaya-ɗaya. Da aka karɓi na ƙarshe, mai gadi ya tura ƙofar. Ta rufe ruf, ko ƙara ba ta yi ba, don aikin mai kyau ne.