Tafkin Ninƙaya a Filin Ƙwallo

Sana'arsa walda ce, amma duk unguwar ba mai kiransa da wani suna sai Koci. Da yamma ta yi zai kashe inji, ya cire baƙin gilashi, ya rataya usur a wuya, ya nufi filin bayan kasuwa inda yara ke jiransa. Filin ba abin a zo a gani ba ne. Rabinsa tudu, rabinsa gangare, raga kuwa duwatsu ne, kullum sai an yi musu ko ƙwallo ta shiga ko ta bi ta sama.

Ya daɗe yana sintiri a ofishin wasanni. Buƙatarsa ba yawa: a turo mota ta baje filin, shi ke nan. Jami'in wurin mutum ne mai fara'a da bai taɓa ce wa kowa a'a ba, shi ya sa ake kiransa Za-a-duba.

Wata safiya sai ga manyan motoci a filin. Koci ya bar ƙofar wani a rabin walda ya sheƙo, murna kamar ta kashe shi. Da ya iso sai ya ga ba bajewa ake ba, haƙa ake.

"Yallaɓai, na ga ana rami," ya ce da jami'in.

"Kai dai ka cika ƙaramin buri. Tafkin ninƙaya za a gina muku, irin na ƙasashen da suka ci gaba."

"Wa ya nema?"

"An nema a madadinku."

Koci ya sosa ƙeya. "Ai famfon unguwar nan rabonsa da ruwa tun kafin a haifi autana."

"Wannan ba hurumina ba ne. Mu wasanni ne, ruwa yana da nasa ofishin."

Aka gama aiki, aka shimfiɗa tayil shuɗi mai sheƙi, aka zagaye da katanga, aka ɗauki mai gadi. Da aka rasa wanda za a naɗa mai horarwa, sai aka tuna akwai mai usur a kusa. Koci ya koma gida da hular roba da tabarau na shiga ruwa. Matarsa ta ajiye ludayi ta ƙare masa kallo.

"Baban yara, kai da in ruwan sama ya kwanta a ƙofar gida sai ka zagaya ta bayan layi?"

"Ni ma ban roƙa ba."

"To Allah ya ba da sa'a. In za ka nutse dai ka nutse da hular, kada a ce ka ɓatar da kayan hukuma."

Jami'in ya ce dole yara su nuna bajinta ranar buɗewa, tun da shugaban hukuma da kansa zai zo. Koci ya aro bencina daga makarantar unguwa, ya jera su a inuwa. Yaro ya kwanta rub da ciki a kan benci, yana wutsil-wutsil da ƙafa, yana yagar iska da hannu, Koci na busa usur yana cewa a ɗago kai a shaƙi numfashi. Masu wucewa suna tsayawa su yi dariya har da riƙe ciki. Abin yana cinsa a rai, amma ya ga in ya sallami yaran, sai bakin titi.

Ranar buɗewa da sassafe tankokin ruwa suka zo suka cika tafkin taf. Kafin rana ta ɗaga labari ya gama unguwa. Mata suka fito da bokitai da jarkoki, masu tura kura suka biyo baya. Mai gadi ya tare ƙofa da sanda, sai ya ga wadda ke gaban layi mahaifiyarsa ce, ya karɓi bokitinta ya ɗebo mata da kansa. Koci ya zo zai yi magana, ya hango matarsa da babban baho a ka.

"Maman yara, har da ke?"

"Kayan makarantar 'ya'yanka da wane ruwa zan wanke? Matsa, nauyi gare shi."

Shugaba, kamar yadda manya suka saba, bai iso ba sai da rana ta karkata. A lokacin ruwan da ya rage bai kai gwiwar yaro ba. Jami'in bai ko girgiza ba. Ya sa yaran suka kwanta a ciki, ciki na gogar tayil, suna ta fantsama, mai hoto ya durƙusa yana ɗauka daga ƙasa-ƙasa. Shugaba ya yanke kirtani, ya ce daga wannan wuri zakarun duniya za su fito. Sannan ya leƙa.

"Kamar bai cika ba ko?"

"Da gangan ne, ranka ya daɗe, saboda lafiyar masu koyo."

"Madalla. Hangen nesa ke nan."

Aka tafa, aka watse. Ragowar ruwan rana ta shanye.

Makonni suka wuce ba tanki ba labarinsa. Yara suka koma buga ƙwallo a titi, yau a fasa gilashin mota, gobe babur ya kusa kwashe wani. Ranar da aka kawo masa autansa da goshi a fashe, Koci ya ɗauki ƙwallo ya tafi wurin mai gadi, ya ce a buɗe, horo zai yi. Ya sauka cikin busasshen tafkin, yara suka bi shi. Ashe wurin ya yi daidai da wasan 'yan biyar-biyar: ba ƙaya, ba kwalba, ƙwallo in ta bugi bango ta dawo. 'Yan mata ma suka nemi a ware musu rana, aka ware.

Wata yamma jami'in ya biyo, ya ji ihun yara tun daga waje, ya ga iyaye a kan katanga suna kallo. Ya kama hannun Koci yana girgizawa.

"Ka gani ko? Duk tafkunan da muka gina ba wanda ke cika da matasa kamar naku. Na faɗa wa shugaba, kuma za a saka muku."

Sakayyar ta zo a bayan babbar mota: dogon dandamalin ƙarfe na tsalle cikin ruwa, mai matakala, ya fi rufin kasuwa tsawo. Aka kafa shi a bakin tafkin aka tafi. Washegari Koci ya shigo ya tarar da wata 'yar mitsitsiyar yarinya ta kai rabin matakalar, tana leƙen tayil ɗin ƙasa. Ya lallaɓa ta da murya mai sanyi har ta sauko, sannan ya koma shago ya jawo injinsa, ya yanke matakalar daga tushe, ya kulle ta a bayan shago. Ya shirya amsar da zai bayar in an tambaye shi, amma ba wanda ya tambaya. Jami'in da ya zo, sama ya kalla, ya yaba tsawon abin.

"Af, na kusa mantawa," ya ce yana shiga mota. "Akwai gasar ninƙaya wata mai zuwa, kuma an sa sunan unguwarku. Ka zaɓo gwanayenka. Can fa ruwan a cike yake."

Motar ta tafi. Koci ya san halin mutumin: in bai kai yaran ba, za a zo a kwashe su ba tare da shi ba. Da ya koma gida ya tambayi matarsa ko yayanta masunci har yanzu yana zaune a bakin kogi. Ta ce yana nan, me ya faru? Da ya gaya mata ba ta yi dariya ba, sai ta ce bari ta kira shi.

Ƙarshen mako ya cika motar haya da yara suka tafi. Masuncin ya zaɓi wuri mara zurfi, ya ce wa zai fara. Yaran da suka ƙware a kan benci duk suka ja da baya. Koci ya cire riga, ya shiga. Ya sha ruwa ya ƙoshi, ya shaƙe wuyan surukinsa har sai da mutumin ya ce, "Sake ni, malam, ƙafarka fa a ƙasa take." Yaran suka fashe da dariya, kuma da dariyar suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.