Lambar Indo

A zamanin Turawa, da rani ya kama, masu lamba kan shigo unguwar Abakpa da akwatinsu, su kafa tebur a gindin ɗurumi, mai shela ya bi lungu-lungu yana cewa a fito da yara a yi musu lambar agana. Lamba kuwa ba wani abu ba ce, 'yar tsaga ce a dantse a shafa magani. Wurin ya kumbura ya yi ruwa, yaro ya ɗan yi zazzaɓi, daga nan agana ba ta ƙara kusantarsa.

Sa'adatu, matar Garba maƙerin fitila, ta san haka sarai, don tabon yana nan a dantsenta tun tana yarinya a Zariya. Shekarar da cutar ta shiga unguwarsu ita ta tsira, ƙawayenta kuwa wasu suna ƙasa, wasu fuska ta zama kamar rariya.

'Yarta ɗaya ce, Indo, kuma 'yar fari. Kun dai san yadda ake da 'yar fari: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta sa baki a sha'aninta. Tun da aka yaye ta, Uwani mahaifiyar Garba ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Yarinya ta tashi tana kiran kakarta Inna, uwarta kuwa Sa'a, yadda ta ji kowa na kiranta.

Ranar lamba Garba ya kai Indo da kansa, don duba-gari ya ce duk gidan da ya ɓoye yaro zai ga sammaci. Shigowarsu gida ke da wuya Uwani ta fizge ta, ta yanka lemon tsami ta matse a kan tsagar, ta bi da toka ta murje. Indo tana ta tsala ihu.

"Yi shiru, 'yar lelena," in ji Uwani. "Na fitar miki da dafin Nasara. Yaro lafiyarsa lau a tsaga shi a sa masa ciwo? Ba dai jikata ba!"

Sa'adatu tana durƙushe a bakin murhu, tana gani. Ta so ta yi magana. To ta ce me? Ta buɗe baki a gaban suruka a kan 'yar fari, gobe unguwa ta ɗauka? Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da hura wuta.

Da ta ga hannun ya warke sumul, ko kumburi babu, sai ta yi ta maza ta tari mijinta a ɗaki.

"Maigida, yarinyar nan fa lambarta ba ta kama ba. Masu lamba suna unguwar Malali, da an sake kai ta."

Garba ya ƙyalƙyale da dariya. "Iye! Yau ke ce da zancen 'yar fari? Bari Inna ta ji. An yi, hukuma ta gani, me ya rage?"

Da bazara agana ta faɗo unguwa. Indo ta kwanta da zazzaɓi, ƙuraje suka feso mata daga fuska har tafin ƙafa. Uwani ta ɓoye ta a ƙuryar ɗaki ta saki labule, tana ɗura mata jiƙe-jiƙe. Amma ina! Wari kaɗai ya isa ya tona. Duba-gari ya yi sallama da mutanensa, ya ce za a kai ta bukkokin da aka kafa a bayan gari, kuma mutum ɗaya zai bi ta jinya, wanda lambarsa ta kama.

Uwani ta yafa gyale ta fito da saurinta.

"Iya, ina tabonki?" in ji duba-gari.

Babu. Garba ma babu.

"To uwar yarinyar fa?"

Sai ga Sa'adatu ta fito, ta yaye mayafi, ta miƙa dantsenta tsirara a gaban maza. Matan da ke leƙe ta katanga suka saka salati.

Bukkokin nan, Allah kada ya kai ko maƙiyi. Zana ce aka kewaye, ga ƙuda, ga zafi, ruwa sai jakai sun kawo. Malamin asibitin da ke wurin ya gaya mata gaskiya, ya ce agana in ta riga ta kama ba ta da allura, sai jinya da addu'a. A nan Sa'adatu ta goya 'yarta, rabonta da haka tun yaye. Ta yi mata fifita, ta ɗiga mata ruwa a baki, ta kira sunanta son ranta, don babu mai ji balle ya ce ta yi rashin kunya. Yarinyar kuwa idanunta sun rufe da kumburi, sai ture hannunta take.

"Sa'a, ni Inna nake so. Kira min Inna."

Abin da ta yi ta faɗa ke nan har ta cika. A can aka binne ta, zanenta da tabarmarta aka cinna musu wuta.

Sa'adatu ta dawo ta tarar da gida cike da masu gaisuwa. Duk wadda ta shigo ɗakin Uwani take nufa. "Inna, ya haƙuri? Ke kika yi rashi, wallahi. Da sun bar miki ita a gida da ta tashi." Ba wadda ta ce da Sa'adatu ko sannu, don ba a yi wa uwa gaisuwar 'yar fari a bainar jama'a. Turmi aka tura mata ta daka gumbar sadaka.

Tana daka, hawaye suka ɓalle mata suna ɗiga cikin gero. Dije maƙwabciyarsu ta matso, ta dafa kafaɗarta, ta yi ƙasa da murya kamar mai yi mata gata.

"Haba Sa'adatu, ki kama kanki mana. Na buɗe dantse bai ishe ki ba, sai kin ƙara da kuka? 'Yar fari ce fa. Share, kar Inna ta gani."

Sa'adatu ta sa bakin zane ta share, ta ɗaga taɓarya.