Itacena da Farantin Zumreta

Ni Ragib, shekarata saba'in da tara, ban taɓa zama a aji ba, amma duk ƙauyukan kan dutsen nan babu wanda ya kai ni sanin wuta. Lokacin yaƙi hunturu uku na yi a daji, da tsohuwar ganga na haɗa murhu, mutum sha ɗaya suka rayu a gefensa. Sai ga 'yar cikina, Almasa, ta taso daga birni wai za ta koya mini ɗumama ɗaki.

Gaskiya dai tsohon murhunmu ya tsage. Sau uku ina liƙe shi da yumɓu, hayaƙi bai fasa fita ba, matata Zumreta kuma tari ya kama ta tun kaka. Almasa ta ce ko a sa sabon murhu kafin ƙanƙara ta sauka, ko ta tafi da uwarta gidanta, can hawa na shida. Ni in na ga dama in zauna da awakina. Shekara hamsin da huɗu, in ban da yaƙi, ban taɓa shan gahawar safe Zumreta ba ta gabana ba.

Ranar kasuwa muka sauka gari a motar Almasa. Na zaro ice guda daga tarin da na sara da bazara, na saƙala a hammata, don mai hankali ba ya sayen murhu bai gwada masa itacensa ba. Zumreta kuma ta naɗe farantinta na tagulla a zane, babban nan mai da'ira da take gasa pita a ciki, wato gurasarmu mai cike da dankali ko nama, wanda uwarta ta ba ta.

Mai shagon, Hazim, na san ubansa, na taɓa kayar da uban a kokawa sau biyu a yini ɗaya. Almasa ta nufi wani murhu mai walƙiya, wai da lantarki yake zuba wa kansa makamashi. Na tambaye ta, ranar da ƙanƙara ta tsinke waya, ita za ta hura shi daga birni? Hazim ya ce Baffa ya yi gaskiya. Da ma na sani.

Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zura ice. Ni itacena kamu ɗaya da tafin hannu nake yanka shi, yadda ubana ya yi. Murhun zamani kuwa duk gajeren ciki gare su. Guda ɗaya tak ya haɗiye icen ƙofa ta rufu, wani baƙin ƙato mai nauyin saniya. Na buga masa hannu na ce a ɗora a mota.

Zumreta ta matso. Ta kwance zane, ta buɗe tanderun gashi da ke jikin ƙaton, ta tura faranti. Ya cije a baki. Ta karkata shi, ya ƙi. Ta wuce wani fari, matsakaici, farantin ya shige kamar don shi aka ƙera shi. Na zura icena a cikin farin murhun, yatsa huɗu suka rage a waje.

Hazim ya ce zai ba ta ƙananan farantai biyu masu kusurwa kyauta. Ta kalle shi kamar ya ce ta yi kwaɓi da ƙafa. Ni kuma na ce itacen hunturu biyu ne jibge a bayan gida, ba zan sake bi ta kansa ba saboda kwano.

"To, sayi naka, tsoho," in ji ta. Ta juya wajen 'yarta. "Almasa, tanderunki na birni yana ɗaukar farantin nan?"

"Yana ɗauka, Mama."

Na ga sojoji, na ga kyarkeci ido da ido, ban ja da baya ba. Ranar nan na ja. Na ce wa Hazim da ma farin nake so, gwada su nake yi.

Kwana sha ɗaya ina yanke yatsa huɗu daga kowane ice da zarton hannu. Maƙwabcina Sakib kullum sai ya jingina da shinge ya tambaya ko aski nake wa itacen. Na ce ya zo in fara da kansa. Na gama ranar Laraba, Alhamis ƙanƙara ta sauka.

Asabar Almasa ta iso. Ta shinshina ɗakin, ta duba bututun hayaƙi, ta kasa kunne a ƙirjin uwarta. Ta ci pitar dankali yanka uku, ta ce a ɗan buɗe taga, zafi ya yi yawa. Da la'asar na raka ta mota, ta ja ita kaɗai.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Da na shigo sai na zauna a kujerar farko da na samu. Zumreta ta tambaya ko lafiya. Na ce zarton ne ya ci mini kafaɗa. Ta ce to in matsa kusa da wuta, ta ɗora ruwan gahawa.